Yadda Ake Koyon Shawo Kan Fushi, Daga Abin Da Na Gani Wurin Mabiya Buddha

Ɗaga murya a bakin titi a Kaduna ka ga ikon Allah. Kafin ka rufe baki mutum uku sun dafa kafaɗarka: "Yi haƙuri, Alhaji." "Haƙuri dai, malam, duniya ce." Kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai tun ina yaro ake ce min in yi haƙuri, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna min yadda ake yin sa a aikace, a daidai lokacin da ƙirji ya ɗau zafi, kunne ya toshe, harshe ya riga ya ɗauko maganar da za ta raba ka da ɗan'uwanka. Yaro ana koya masa tuƙi, ana koya masa ɗinki, a tsaya a kansa har hannunsa ya faɗa. Fushi kuwa sai a ce ya danne, shi ke nan.

Kantin magani nake da shi a Tudun Wada, kuma karatun haɗa magunguna na yi a birnin Pune da ke jihar Maharashtra ta Indiya. Abokin ɗakina a can mabiyin Buddha ne. Kakanninsa suna cikin dubban ɗaruruwan talakawan da suka bi Dakta Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin Indiya, suka bar addinin Hindu a taron Nagpur na 14 ga Oktoba, 1956, saboda wulaƙancin da ake yi musu na cewa su ƙasƙantattu ne tun daga haihuwa. In na tashi sallar asuba sai in tarar da shi zaune a kan katifarsa, baya miƙe, ido a lumshe. A wurinsa na fara jin cewa kame zuciya sana'a ce mai matakai, ana koyonta, ana kuma maimaita ta kullum.

Bari in kawar da tambayar da na san tana zuwa. Ni Musulmi ne, ban rusuna wa gunki ba, ban karanta addu'ar kowa ba, kuma ba na kiran kowa ya yi. Aƙidar mabiya Buddha daban, tawa daban, ba sa haɗuwa. Akwai wata babbar cibiyar koyar da wannan horon kame zuciya a garin Igatpuri, cikin jihar da na yi karatu, wadda wani malamin horon mai suna S. N. Goenka ya buɗe a 1976, inda ake zaman kwana 10 ba magana. Tsarinsu ya yi suna, har a 1994 an koyar da fursunoni kusan 1,000 a lokaci guda a kurkukun Tihar na Delhi. Abokina ya so in je. Da na karanta sharuɗɗan na ga har da ajiye duk wata ibada taka sai an gama, sai na ce masa wannan kam ban da ni. Abin da na ɗauko shi ne aikin lura da numfashi da lura da jiki, wanda ba ya buƙatar ka gaskata komai. Asibitoci ma haka suka yi: tun 1979 Jon Kabat-Zinn ya tsara shirin mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya cire addinin, ya bar horon. Magunguna da yawa da ke kan kantata daga Indiya suka zo, ban taɓa jin mai zazzaɓi ya tambayi addinin wanda ya haɗa su ba. Duk da haka, in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi malaminka ko fastonka kafin ka fara.

Abin da suke cewa game da fushi

Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, ya rayu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. An haife shi a Lumbini, cikin Nepal ta yau, ya yi yawancin koyarwarsa a arewacin Indiya. A karantarwarsa tushen ɓarna uku ne: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu. Fushi ɗan gidan ƙiyayya ne.

Abu biyu na riƙe daga bayaninsu. Na farko, fushi ba halinka ne da aka haife ka da shi ba. Abu ne mai tasowa in sababinsa ya haɗu, ya yi ƙarfi, ya sauka. Masu cewa "ni haka nake, zuciya gare ni, gadon gidanmu ne" sun rufe wa kansu ƙofa tun kafin su gwada. Na biyu shi ne misalin kibiya biyu da Buddha ya bayar. Kibiyar farko ita ce abin da ya same ka: an zage ka, an cinye maka kuɗi, an goge maka mota. Wannan ta riga ta shiga. Ta biyu kai kake harba wa kanka: "Ni zai yi wa haka? Ya san ko ni wane ne? Dama tun bikin wance na lura da take-takensa." Zagin bai wuce daƙiƙa biyar ba, amma kai ka kwana uku kana maimaita shi. Duk horon da zan bayyana aikinsa ya hana ka harba ta biyun.

Zaman kullum

Babu wanda ke koyon wannan abu a tsakiyar faɗa. A lokacin da kake lafiya lau ake yin sa, shi ya sa mutane da yawa ke ganin ɓata lokaci ne.

Ka zaɓi lokaci ɗaya ka tsaya a kansa. Ni bayan asuba nake yi, in na gama azkar, kafin yara su tashi a fara neman safa da kuɗin tara. Maƙwabcina Kirista da na koya wa, bayan addu'ar safe yake nasa. Ba na yi a kan sallaya, don kada abin ya cakuɗe min da ibada. Tabarma da matashi sun isa, mai ciwon gwiwa ya hau kujera ya sauke tafin ƙafa a ƙasa. Ka saita ƙararrawar waya minti 10, ka kife ta nesa da hannunka.

Miƙe bayanka, amma kada ka sandare. Saki kafaɗa, saki muƙamuƙi, ɗora hannu a cinya. Ido ko ka lumshe, ko ka sauke shi ƙasa kaɗan a gabanka. Sai ka nemo wurin da kake jin numfashi sosai. Wasu a bakin hanci suke ji, sanyi in iska ta shiga, ɗumi in ta fita. Wasu a ciki, yana tashi yana sauka. Wannan na cikin shi ne tsarin Mahasi Sayadaw, wani babban malaminsu na Myanmar da ya rasu a 1982, ƙasar da kakanninmu da suka je yaƙin duniya na biyu suke kira Bama. Da hunturu, in ƙura ta toshe hanci, cikin ya fi sauƙi.

Kada ka gyara numfashin, kada ka ja shi da ƙarfi. Bar shi yadda yake, kai dai ka bi shi. In ya fita ka ƙirga ɗaya a zuci, na gaba biyu, har goma, ka koma ɗaya.

Ba za ka kai goma ba. Wataƙila a huɗu za ka farga kana lissafin kuɗin makaranta, ko kana tsara amsar da ya kamata ka ba surukinka tun makon jiya. Nan ne yawancin mutane ke cewa "ni ban iya ba, kaina ba ya tsayawa," su bari. Alhali nan ne aikin yake. Fargar da ka yi cewa hankalinka ya tafi, da dawo da shi ba tare da ka tsine wa kanka ba, ita ce abin da kake horarwa. In ya tafi sau 30 ka dawo da shi sau 30, ka yi atisaye sau 30 ke nan. Wannan fargar ce za ka buƙata ranar da wani ya taka ka a layin banki: ka gane ka fara tafiya tun kafin ka yi nisa.

Janareton maƙwabci, zakara, sauro, mai tallan koko, duk za su zo. Kada ka jira shiru, a Tudun Wada ba za ka same shi ba. Ka ji ƙarar, ka lura da ɗan haushin da ta tayar maka, ka koma numfashi. Ga ƙaramin fushi nan an kawo maka har gida ka yi gwaji da shi. In gyangyaɗi ya dame ka, buɗe ido ko ka tashi tsaye. Akwai ma na tafiya: taku 10 zuwa 15 a tsakar gida, a hankali, hankalinka a tafin ƙafa, ka juyo ka sake. Masu zuwa motsa jiki Murtala Square da safe suna iya ware zagaye ɗaya su yi shi haka, ba waya, ba hira.

Ka san inda fushinka yake sauka a jiki

In ka yi mako biyu ko uku kana zaman, ka ƙara wannan a minti uku na ƙarshe. Tuno wani abu ƙarami da ya ɓata maka rai. Ƙarami na ce: mai keke da ya yanko gabanka a Kawo, ba rigimar gadon gidanku ba. Bar hoton ya zo sosai. Daga nan ka saki labarin, ka duba jikinka. Ina ya yi zafi? Ina ya ɗaure?

Kowa da nasa. Ni daga ƙeya yake farawa, sai haƙora su haɗu. Uwargidana ta ce nata wani abu ne ke tokare mata maƙogwaro. Yaron kantina tafin hannunsa ke gumi. Ba abin mamaki ba ne: in ƙwaƙwalwa ta hango barazana, jiki na sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce. Shi ya sa in mutum ya shigo kantina a fusace yana so in auna masa jini, sai in ba shi kujera ya huta tukuna, in ba haka ba na'urar za ta ba mu lambar da za ta tsorata mu a banza. Jiki yana riga baki. Wanda ya san alamarsa ta farko ya sami 'yan daƙiƙu na rata, kuma su ake nema.

In ka gano wurin, ka ambaci abin a zuci, a hankali: "zafi, zafi," "ɗaurewa," "fushi, fushi." Kada ka kore shi, kada ka ba shi hujja. Kalle shi kawai. Za ka ga ba dunƙule ɗaya ba ne, yana motsi, yana ƙaruwa, yana raguwa, wani lokacin ka tarar a ƙarƙashinsa tsoro ne ko kunya. Sau da yawa fushin da nake yi da mai bashi, in na duba, fargabar ranar biyan dillalin magani ce. Wannan ambaton suna shi ma daga tsarin Mahasi yake, kuma a 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa sanya wa motsin rai suna yana rage tashin sashen da ke kula da tsoro da barazana.

In abin ya zo da gaske

Ga misali daga kantina. Saurayi ya shigo da yamma, ido ja, yana son maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018. Na ce babu. Ya ce, "Oga, kuɗina ne fa, ba roƙo na zo ba." Na ce babu. Sai ya ɗauko zagi, har da iyaye, a gaban wata dattijuwa da ke jiran maganin jikanta.

Abu na farko, rufe baki. Ba har abada ba, na numfashi uku kawai. Na biyu, ka ji tafin ƙafarka a ƙasa, ko hannunka a kan kanta, don hankalinka ya sauko daga fuskarsa ya dawo jikinka. Na uku, fitar da numfashi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, domin doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya. Na huɗu, ambaci abin: "fushi ya zo." Ni a nan nake yin a'uziyya. In kana tsaye, zauna.

Musulmi zai ce ai wannan namu ne, kuma haka ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai neman wasiyya kada ya yi fushi, ya maimaita masa. Ya koyar da neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama in ana tsaye, da kwanciya in zaman bai isa ba. Aya ta 134 a Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane. Kirista kuma yana da Yakubu 1:19, mai cewa a yi saurin ji, a yi jinkirin magana da jinkirin fushi. Umarnin duk muna da shi, mun ma haddace. Matsalar ita ce a lokacin da ake buƙatarsa ba ma tunawa, sai bayan an gama ɓarin. Zaman safen nan shi ke sa ka tuna da wuri.

Bayan numfashi ukun, ka nemi jimla ɗaya da za ta saya maka lokaci, ka tanade ta tun kafin ranar. Tawa ita ce, "Bari in sallami Hajiya tukuna." Na juya wurin dattijuwar, na ce, "Hajiya, ki gafarce mu, cokali ɗaya safe da yamma." Kafin in waiwayo saurayin ya gaji da zagin bango ya fita. A gida kana iya cewa, "Zan yi alwala in dawo mu yi magana." A wurin aiki, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe in duba."

Akwai wani labari a littattafansu da nake so. Wani Barahmi, wato ɗan gidan malaman addinin Hindu, ya zo ya zazzage wa Buddha zagi a kusa da birnin Rajagaha. Da ya gama, Buddha ya tambaye shi ko yakan yi baƙi, ya ce e. Yakan kawo musu abinci? E. To in ba su ci ba, abincin na wa ya zama? Ya ce nawa. Buddha ya ce to shi ma bai karɓi zagin ba. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan, mun san nauyin a kai wa mutum akushi ya dawo da shi a rufe.

Waya ta fi titi haɗari yanzu. A zauren WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai, ƙa'idata ɗaya ce: in ƙeyata ta yi zafi, ba na rubutu, ba na kuma aika saƙon murya. Saƙon murya ya fi muni, don yana ɗauke da sautinka, kuma za a tura shi har Legas kafin ka huce.

Hanyoyi biyu da ba sa aiki

Ta farko ita ce "fitar da shi." A daki bango, a fasa kofi, a yi ihu wai don a huce. Thich Nhat Hanh, malamin Buddha ɗan Biyetnam da ya rasu a 2022, ya daɗe yana cewa mai dukan matashi don ya huce, atisayen fushi yake yi. Bincike ya goyi bayansa. A 2002 Brad Bushman ya sa mutanen da aka fusata su daki buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, sai suka fito sun fi waɗanda suka zauna shiru zafi. A 2024 shi da Sophie Kjærvik a Jami'ar Jihar Ohio suka tattara bincike 154 da ya shafi mutum sama da 10,000, suka ga abubuwan da ke kwantar da jiki, irin su jan numfashi a hankali da zaman natsuwa, su ne ke rage fushi, masu tayar da jiki kuwa ba sa yi. Mu namu dukan matashin a majalisa muke yin sa. Ka ba da labarin a teburin mai shayi, ka sake a masallaci bayan isha'i, ka sake wa matarka, kowane zagaye da ƙarin gishiri, kowa na ce maka "ai ni da ni ne, da ba haka ba." Ka dawo gida ka fi yadda ka fita zafi. In dole sai ka faɗa wa wani, zaɓi mutum ɗaya mai sanyi, sau ɗaya.

Ta biyu ita ce binnewa. Wannan mata aka fi ɗora wa. "Yi haƙuri, zaman aure ne," shekara da shekaru, har ta zo kantina tana neman maganin barci da na ciwon kai. Lura da fushi ba yana nufin ka yi kamar ba a yi maka laifi ba. Thich Nhat Hanh yana ba almajiransa shawarar kada su wuce awa 24 ba su gaya wa wanda ya ɓata musu rai ba, cikin natsuwa, in baki ba zai iya ba a rubuta. Afisawa 4:26 ma ta ce kada rana ta faɗi ana cikin fushi. Ka huce, sa'an nan ka je ka ce, "Yaya, maganar jiya ta yi min ciwo." Ka tsaya a abin da aka yi, ban da tone-tonen shekarun baya. In kuwa duka ake yi, ko barazana, ko danne haƙƙi, wannan ba matsalar numfashi ba ce. A kai wa manya, a kai wa hukuma, a je kotu.

Tsohon ƙulli

Duk abin da na faɗa na fushin nan take ne. Wanda ya kwana ya zama gaba, maganinsa daban, mabiya Buddha suna kiransa metta, wato horar da zuciya ta so wa mutum alheri. Buddhaghosa, wani malaminsu da ya yi rubutu a Siri Lanka a ƙarni na 5, shi ya tsara matakan dalla-dalla, kuma ya gargaɗi mai koyo kada ya fara da maƙiyi, don zai gaji a banza. Ka fara da kanka. Sai wanda kake ƙauna kake girmamawa, kamar malaminka. Sai wanda ba ruwanka da shi: mai garuwar layinku, maigadin makarantar yara, mai rake a bakin Kasuwar Barci. Sai a ƙarshe wanda ke maka ciwo, shi ma ka fara da mai sauƙi.

Su jimloli suke maimaitawa na fatan lafiya da kwanciyar hankali. Ni na mayar da nawa addu'a ga Allah, don ban san wani mai bayarwa ba sai Shi: Allah Ka ba shi lafiya, Ka yaye masa damuwa, Ka shirye ni Ka shirye shi. Minti biyar bayan zaman numfashi. Ranar farko da ka kawo fuskar wanda ya cinye maka kuɗi, addu'ar za ta maƙale a wuya. Koma kan malaminka har zuciya ta yi laushi, ka sake gwadawa. Wannan ba yafe bashi ba ne, gobe kana iya zuwa karɓar kuɗinka. Buddhaghosa ya ce mai riƙe fushi kamar wanda ya damƙi garwashi ne zai jefi wani, hannunsa ke fara ƙonewa. Ya kuma jera dabaru in ƙullin ya ƙi kwancewa: ka tuno wani hali ɗaya mai kyau na mutumin, in duk sun gaza ka ba shi kyauta. Da na ji wannan ta ƙarshen dariya na yi, don kakata ba ta san Siri Lanka ba, amma in ta yi faɗa da maƙwabciya, washegari sai ta aike mu da kwanon dambu.

A garin nan matakin "wanda ba ruwanka da shi" yana da wani nauyi na daban. Wanda ya ga rikicin 2000, ya ga na 2002, ya ga na 2011, ya san yadda kogin Kaduna ya koma iyaka, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka tattara kudu. Akwai yaran da suka girma a Rigasa ba su taɓa cin abinci a Sabon Tasha ba, akwai na Television da ba su san cikin Unguwar Sanusi ba. Mutumin da ba ka sani ba shi ya fi sauƙin tsana, don ba shi da fuska, sai sunan ƙabila ko na addini. Shi ya sa nake cewa a wannan matakin ka ɗauko mutum ɗaya takamaimai daga ƙetaren gada: nas ɗin da ta karɓi haihuwar ɗanka, makanikin Kakuri da ya gyara maka mota. Ka tuna shi ma yana da kuɗin haya a kansa, yana da uwa mai ciwon ƙafa. Ranar da jita-jita ta shigo waya cewa "an fara a wuri kaza," fuskarsa za ta riga taron zuwa zuciyarka.

Wani zai ce, in abin nasu na da amfani, me ya sami Rohingya? Tambaya ce mai kyau. A 2017 Musulmin ƙabilar Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash saboda kisan da sojoji suka yi musu, kuma akwai malaman Buddha irin su Wirathu da suka yi shekaru suna hura wutar ƙiyayya da wa'azinsu. Ba na kare su. Abin da hakan ya nuna min shi ne mallakar littafi mai hana fushi ba ya hana kowa fushi, kuma mu mutanen Kaduna, masallaci da coci, ba mu da bakin musun wannan.

Inda zama ba ya isa

A matsayina na mai sayar da magani dole in faɗi wannan. Wani fushin daga jiki yake. Rashin barci, yunwa, faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon suga, ciwon da ya daɗe, duk suna gajarta zuciya. Kowa ya san yadda hanya take da la'asar ɗin azumi. Mai shan tiramadol ko kodin ko wiwi, ba numfashin da zai daidaita shi sai ya rabu da su. Wanda kuma ya ga tashin hankali da idonsa, ko ya fito daga hannun masu garkuwa, rufe ido cikin shiru na iya dawo masa da abin da ya gani. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya fi karkata ga na tafiya, in abin ya taso ya dakata. In fushinka ya kai ga ɗaga hannu a kan mata ko yara, ko ka farfaɗo ba ka tuna abin da ka yi, ko tunanin cutar da kanka na zuwa maka, ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, akwai likitoci da masu ba da shawara da wannan ne aikinsu.

Ga sauran mu, kada ka sa ran za ka daina jin fushi. Abin da ke canjawa shi ne kana ganinsa da wuri, kuma ba ya daɗewa: na kwana uku ya koma na yini, na yini ya koma na awa. In minti 10 ya zauna maka ka kai shi 15 ko 20, amma kaɗan kullum ya fi awa guda ranar Lahadi. In ka tsallake kwanaki, ka ci gaba daga inda kake, ba ramuwa.

Kada kuma ka auna kanka da kanka, don mai fushi kullum gani yake ya gyaru. Bayan wata biyu ka tambayi wanda ya fi shan zafinka, matarka, ko mijinki, ko yaron shago: "Tsakaninka da Allah, ka ga wani canji?" Kafin ya buɗe baki ka tabbatar kana zaune.